Gwangwanin Gishirin Malama Lai'atu

Har yau idan na tuna yadda Malama Lai'atu ta rasa aikinta, sai abinci ya fita raina. Maƙwabciyata ce a Kafanchan, a bayan tashar jirgin ƙasa, kicin ɗaya muke girki. 'Yar Kwoi ce, kuma shekara tara ta yi tana koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare mai zaman kanta.

Ciwonta mai ban haushi ne. A zaune lafiyarta ƙalau, ta fi kowa surutu. Amma da ta yi minti goma a tsaye, sai zuciyarta ta kama gudu kamar injin markaɗe, idonta ya yi duhu, sai ƙasa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce ƙiwuya. Hedimasta kuwa dokarsa ɗaya ce, malami ba ya koyarwa a zaune. A 1996 ya ce in ta sake faɗuwa gaban yara, ta san inda dare ya yi mata.

Sai Allah ya haɗa ta da Likita Gregory. Shi kaɗai ya yi dabarar auna bugun zuciyarta a kwance, ya sake aunawa a tsaye. Ya ce ciwon ba shi da maganin kansa, amma akwai ƙwayar masu hawan jini da ke rage gudun zuciya. Ta riƙa shan kwatan ƙwaya, ta sha ruwa da yawa, ta ƙara gishiri a abinci. Maganar gishirin nan sai da ya nanata ta. Wata uku Lai'atu ba ta faɗi ba.

To, akwai Mama Uloma, matar wani tsohon direban jirgi, wadda ta yi shekaru tana sharar ɗakin marasa lafiya har ta ɗauki kanta likita. Ta hango kwalin maganin a taga. Kafin yamma duk zumuntar matan cocinmu ta ji cewa Lai'atu na da hawan jini. Lai'atu ta yi bayani har bakinta ya bushe.

"Wane likita zai ce mai hawan jini ya ci gishiri?" in ji Mama Uloma. "Yarinya na, kwaɗayi ne yana damun ki. Ba za mu bari ki mutu ba."

A zumuntarmu, in mace ba ta da lafiya, ana raba kwanakin girki a riƙa kai mata, kuma mayar da kwanon zumunta abin kunya ne. Haka aka dinga kawo mata miya lami, mai girkin ta zauna har sai ta ga ƙasan kwano. An yi wa likita canjin wurin aiki, babu wanda zai tsaya mata. Gwangwanin gishirinta kuwa ni Lucy na ɓoye shi, don Mama ta ce in yi. Ta sayo wani, na sake ɗaukewa. Ina jin haushin Mama Uloma, amma haushin kaina ya fi, domin ni na ji abin da likitan ya ce daga bakin Lai'atu tun ranar farko.

Mako na uku da hana ta gishiri, ana rera taken ƙasa a filin makaranta, ta faɗi a gaban yara da iyayensu. Hedimasta bai jira ta gama farfaɗowa ba ya sa aka buga takardar sallama.

Da yamma matan zumunta suka zo jaje da tukunyar miya. Mama Uloma ta dafa kafaɗar Lai'atu, ta ce ta gode wa Ubangiji, da tana cin gishiri da yanzu jana'iza ake yi.

Lai'atu ba ta ko kalle ta ba. Ni ta kalla.

"Lucy, gwangwanayena biyu suna ƙarƙashin gadonki, na sani tuni. Na yi ta jira ki kawo da kanki."