Ranar da na hana Yaya Sale komawa asibiti

Shekara goma sha shida ke nan da rasuwar yayana, Sale direba, kuma har yau in zancensa ya taso a tashar Kibiya sai wani ya ce allurar Kano ce ta kashe shi. Ba na iya musawa, domin daga bakina maganar ta fara fita. Yanzu ga 'yarsa Hadiza da irin ciwonsa, ta kuma rantse ba likitan da zai taɓa ta.

Ƙwannafi ya daɗe yana wahalar da Yaya. Da ya ci abinci sai ruwa mai tsami ya taso masa har wuya, ƙirji kamar an zuba garwashi. Kullum akwai ƙullin kanwa a motarsa, yana jiƙawa yana kurɓa tsakanin Rano da Kano. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wani likita a birni ya ce ƙofar tumbinsa ce ta saki. Za a zura masa siririn tiyo mai kyamara ta baki, a yi allura a wurin don naman ya ɗan kumbura, ƙofar ta matse.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Shekarun farkon Shari'a ne, ana gudun allura ko ta yara ce, balle wadda za a yi wa mutum a inda idonsa ba ya gani. Amma aka yi, kuma tsakani da Allah ya samu sauƙi. Har yaji ya koma zubawa a tuwo.

Ga abin da ban taɓa faɗa a tasha ba. Likitan ya ɗan tsinko nama daga maƙogwaronsa, ya ce akwai wurin da bai gamsu da shi ba, Yaya ya dawo bayan mako biyu ya ji sakamako. Ni ya kawo wa takardar, tunda ni ne malamin makaranta, ɗan bokon gidan.

"Malam, duba mini. In koma ne?"

Na ce, "Yaya, me za su yi da naman mutum? Kuma wa ka taɓa gani daga nan har Durba ya warke, ya ɗauki ƙafa ya koma asibiti neman wata cutar? Gode wa Allah ka kama sana'arka."

Ya yi dariya, ya ce dama shi ma haka ya gani. Bayan shekara biyu loma ta fara tsaya masa, daga baya ko koko ba ya wucewa. Ranar zaman makoki na ɗora wa allura laifi, kowa ya gyaɗa kai, ni ma na samu inda zan laɓe.

Da Yaya zai leƙo duniya yau, ya tarar kowa ya zama likita a waya, masu magani da lasifika sun cika kasuwar Rano, na san dariya zai yi, ya tambaye su ko su ma suna sha. Ni kuwa har gobe ban sakankance da allurar nan ba. Na ji ana cewa wasu wuraren an daina irinta, kuma ba wanda ya zo ya faɗa mana dalili. Sai dai zargina ya daɗe da juyowa gida, yana kuma cina.

Yaya ya bar direbobin da ya koya wa tuƙi, ya bar sunan mutumin da ba ya wuce tsohuwa a bakin hanya. Ya kuma bar 'ya mai yarda da maganata kamar yadda shi ya yarda. Makon jiya na ce mata ta je a duba ta, sai ta ce, "Baffa, ai kai ka ce allura ce ta kashe Baba. Ko ka manta?"

Ban manta ba, sai dai a gaban mahaifiyarta muke, na kasa faɗa mata gaskiya. Mijinta yana karanta wannan shafi, shi ya sa na rubuta a nan. Hadiza, ban san abin da ya kashe mahaifinki ba. Wanda ya hana shi komawa asibiti kawai na sani, kuma shi ne zai zo ranar Litinin ya kai ki da kansa.