Madarar Da Na Ɗauka Tana Wanke Ƙirji

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin da zan ba da labari ya fara, ni matashi ne mai ji da ƙarfi, haifaffen Limawa a garin Minna. Kakana Bakatsine ne da aikin reluwe ya kawo shi garin, mahaifina kuma maƙeri, to a gidanmu ba a san raki ba. Ban yi nisa a boko ba, amma buhun siminti biyu nakan ɗauka in yi tafiyata ina hira. Ina da sabuwar amarya, ina da baki, kuma ba na son a gaya mini abin da na ga kamar na riga na sani. Wannan hali na ƙarshe shi ya kai ni inda nake yau.

A waɗancan shekarun gari ya fara buɗewa, ko'ina ka duba gini ake ko titi, tsakuwa ta yi daraja. Sai na samu aiki a wani kamfanin fasa dutse da ke bayan gari, in ka wuce Kpakungu. Kullum da safe in hau keke zuwa bakin hanya, motar kamfani ta kwashe mu. Saboda ƙarfina aka sa ni a bakin inji, inda ake zuba manyan duwatsu suna fitowa tsakuwa. Ƙurar wurin fara ce mai laushi kamar garin rogo. Kafin azahar gira da gemu sun yi furfura, in ka tofa yawu sai ka ga ya fito da kauri. Mu dai dariya muke yi wa juna, muna cewa mun tsufa kafin lokaci.

Ba zan yi wa kamfanin ƙarya ba, sun raba mana takunkumin rufe hanci da baki, akwai kuma tiyo da aka jawo don a riƙa fesa wa dutse ruwa ƙura ta kwanta. Amma takunkumin zafi gare shi, ga rana ga gumi, sai muka mayar da shi abin wuya, ba ma ɗaga shi sai in an hango motar manya. Abin da muka dogara da shi daban ne. Mun tarar da na gabanmu sun yi imani cewa in aka tashi aiki aka sha madarar gwangwani, tana wanke duk ƙurar da ta shiga ƙirji. Akwai mai shago a bakin ƙofa da kusan ba ya sayar da komai sai ita. Ni har biyu nake fasawa in kwankwaɗe, in buga ƙirji in ce na yi wanki. Na sha gaya wa sababbin shiga haka, da irin muryar wanda ya san abin da yake faɗa.

Mutum ɗaya ne a cikinmu bai yarda ba, wani Banufe daga Bida wanda ya girme ni da 'yan shekaru. Shi takunkuminsa ba ya sauka daga fuska, in ya yi datti ya wanke ya shanya, ya ɗauko na biyu da ya saya da kuɗinsa. Kun san tsakanin Bakatsine da Banufe akwai wasa, to da wannan na fake na sa shi gaba. Na raɗa masa suna likitan dutse, nakan ce ya rufe baki ne don kada a ji Hausarsa, wadda takan mayar da mace namiji. Yakan yi dariya ya rama, ya ce Bakatsine in ba surutu ba me ya iya. Amma ranar da muka keɓe ya gaya mini, ba da wasa ba, cewa madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ya ce ya ga wani ɗan'uwansa da ya yi irin aikin nan, ƙarshensa ko alwala sai an taimaka masa. Na ce masa ɗan'uwan nasa dai rago ne.

Bayan shekara uku aka ba ni helma, wato shugaban masu aikin inji. A nan na tafka babban kuskurena. Jiƙaƙƙen dutse yana toshe rariyar inji, sai an tsaya an kankare, tifofi kuma na jere a layi direbobi na ta matsa hon. Ni kuma ina so a ce zamanina aka fi fitar da kaya. Sai na sa aka naɗe tiyon aka ajiye, sai ran da baƙi za su zo. Aiki ya yi gudu, manya suka yaba mini, ba wanda ya tambayi dalili. Banufen ya zo ya same ni ya ce in ji tsoron Allah in mayar da ruwan, rayukan mutane ne a hannuna. Na ji haushi ya yi mini magana a gaban yarana, na sa aka mayar da shi gadin ƙofa. Bai yi wata biyu ba ya ajiye aikin, ya koma sayar da shinkafa a Tunga.

Tarin ya fara ne a hankali, busasshe, ba majina. Na ce mura ce, na bi kemis, na ƙara yawan madara. Matata ce ta fara lura cewa in na yi wanka na fito sai na zauna na huta kafin in sa riga. Ta roƙe ni in je asibiti, na ce mata maza ba sa zuwa asibiti don tari. Har ma'aikatan lafiya suka taɓa zuwa kamfanin duba mu, na zille na shige bayan tsibin tsakuwa, don tsoron kada a gano wani abu a sallame ni. Sai da na kai shekara tara a bakin injin nan, rannan na ɗaga shebur na ji numfashi ya ƙi isowa, na durƙushe a wurin.

Da aka kai ni asibiti, da farko an ce tarin fuka ne, kuma an same shi ɗin. Na sha magani wata shida ba fashi, ya warke, amma numfashin bai dawo ba. Da aka sake ɗaukar hoton ƙirji, likitar ta tambaye ni aikin da nake yi. Ina faɗa ta ajiye biro. Ta yi mini bayani a nutse cewa ƙurar dutse ta zauna a huhuna ta bar tabo, tabon kuma ba ya gogewa, iyakar abin da za a yi shi ne a kiyaye abin da ya rage. Don wauta har na tambaye ta ko madarar da nake sha ba ta isa ba ne. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce madara abinci ce mai kyau, amma ko tanki na sha ba za ta taɓa zuwa inda ƙurar take ba. Kusan kalmomin Banufen nan ta maimaita mini, na ji kunya ta rufe ni.

Shi kuwa da ya ji labari sai ga shi har Limawa, da ƙullin shinkafa a bayan babur. Na shirya jin gori, domin da ni ne da na yi. Bai ce komai a kan abin da ya wuce ba. Ya zauna ya tambayi yara, ya ce yau bai zo da wasa ba, sai na warke za mu ɗora. Mu biyun mun san ba warkewa zan yi ba. Bayan fitarsa na yi hawaye, abin da ban yi ba ko a gaban likita.

Abin da ya fi ci mini rai ba ciwona ba ne. Da na ɗan samu sauƙi na koma kamfanin don in gargaɗi mutanena, sai na tarar tiyon na nan a naɗe. Wanda ya gaje ni ya tarbe ni da murna, ya ce in kwantar da hankalina, yadda na koya masa haka yake tafiyar da aikin. Na yi magana iya numfashina, na je har ofis na faɗi abin da na aikata da bakina. An mayar da ruwan. Amma mutum biyu daga cikin waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashina sun riga sun fara irin tarina, kuma na san hannun wa ya rufe famfon.

Na koyi cewa abin da kowa ke yi a wurin aiki ba lalle ne ya zama gaskiya ba, kuma ƙarfi ba ya hana ƙura shiga. Ina roƙon masu aikin dutse, da masu buga bulo, da masu fenti da injin niƙa, ku rufe hancinku ko za a yi muku dariya, ku je a duba ku tun kuna jin ƙalau. Wanda aka ba shugabanci kuma ya tuna cewa tifa za ta iya jira. Garin nan yana buƙatar tituna da gine-gine, ni ma ina alfahari in na ga inda tsakuwarmu ta shiga, amma ba sai an biya da huhun mutum ba.

Yanzu ina zaune a ƙofar gida ina tsare wa matata teburin kayan miya. Ban cika arba'in da biyar ba. Daga nan zuwa masallacinmu bai fi taku ɗari ba, amma sau biyu nake tsayawa a hanya, in sunkuya kamar ina gyara takalmi don kada maƙwabta su gane.