Matar da Ke Lanƙwasa Haske

Tana ƙarama, kowa a layinsu ya san ta da rashin gaisuwa. Gwaggonta za ta taho daga nesa tana ɗaga mata hannu, ita kuwa ta wuce abinta kamar ba ta taɓa ganinta ba. Ta sha faɗa har ta gaji. A aji ma dishi-dishi take ganin rubutun allo, ta ɗauka haka kowa yake gani.

Kawunta direba ne ya fara zargin idon. Ya kai ta wurin likita, aka ɗora mata wani ƙarfe a karan hanci ana ta sauya gilasai. Da aka zo kan wanda ya dace, sai ta zabura ta nufi taga.

"Kawu! Ashe daga nan ana ganin ganyen bishiya ɗaya-ɗaya?"

Ta tambayi likitan wane magani ya shafa wa gilashin. Ya yi dariya, ya tsoma cokali a kofin ruwa.

"Ya karye!" in ji ta.

"Lafiyarsa ƙalau. Haske ne ke lanƙwashewa idan ya shiga ruwa ko gilashi. Idonki yana tara hasken tun bai isa inda ya kamata ba, gilashin nan ne ke ɗan buɗa shi."

Maganar nan ta zauna mata a rai. Da ta gama makaranta ta koyi aikin, yau ga ta da shago kusa da mai gyaran agogo, ana ce mata Anti Mai Tabarau. Wuni take tana goge gefen gilashi a inji, ruwa na feshe mata riga. Ko a mota ta ga tabarau ya yi datti, sai ta roƙi mai shi ta goge masa.

Kwanan baya wani tsohon tela ya zo da matarsa. Ya ajiye ɗinki saboda zare ya daina shiga masa allura. Ta auna shi, ta haɗa masa mai tara haske, ta miƙa masa allura da zare. Tashi ɗaya ya zura. Ya juya da murna ya ƙura wa matarsa ido.

"Ikon Allah! Yaushe kika tsufa haka?"

"'Yata, cire masa," in ji tsohuwar. "Mun fasa."

Anti ta yi dariya har da riƙe ciki. Washegari telan ya buɗe shagonsa, rigar matarsa ya fara ɗinkawa.