Fannami Mala da Lakar Tabkin Assaga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Afrilu 2009, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Fannami Mala a gidansa da ke Difa, bayan jinyar wata huɗu. Ya bar matarsa Ya Falmata da 'ya'ya biyar. Ni kuma, Tahiru, abokin aikinsa na shekara goma sha biyar, ya bar ni da wata magana da na kasa faɗa masa yana raye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau zan faɗe ta.

Fannami, a 1994 na zo daga Damagaram aiki a 'yar ƙungiyarmu ta kula da tabkunan kwarin Komadugu, ban san kowa ba, ban iya ko gaisuwa da Barbarci ba. Kai ka sauke ni a zaurenka wata uku, Ya Falmata tana cika ni da burabusko da miyar kifi har wandona ya ƙi shiga. Kullum na buɗe baki zan yi yarenku sai ka roƙe ni in bari, wai kada kaji su daina ƙwai. Kai ka koya mini ƙidayar tsuntsayen ruwa kowane Janairu, muna tsaye cikin ruwa har gwiwa. Na ga ranar da ka bi wani maharbi har gida saboda gauraka guda da ya kama da rai. Ba ka yi masa barazana ba, zama ka yi a ƙofarsa kana shan shayinsa har kunya ta sa ya kwance ta.

Da aka naɗa ni shugaban ofis aka tsallake ka, kai ka fara ce mini "shef", kana dariya, alhali kowa ya san wanda ya fi wani sani.

A 2007 wani ɗan kasuwa ya kawo tsofaffin bututun ƙarfe daga wani wurin haƙar ma'adinin yuraniyom a arewa. Manoman tattasai suka yi rububinsu don injinan ban ruwa. Cikin bututun akwai wani datti da ya daskare, sai suka kankare shi suka wanke a tabkin da ke bayan Assaga. Kai da ka taɓa yin kwas a kan tururin yuraniyom, hankalinka bai kwanta ba. Ka aro na'urar awo daga Yamai, ka kara ta a bututu guda, ta kama ƙara babu tsayawa. An tattara bututun an kwashe, amma dattin ya riga ya shige laka.

Awo ya nuna abin da ke kaiwa ga mutum bai taka kara ya karya ba. Saura halittun tabkin: kifi, kwaɗi, zalɓe da sauran tsuntsayen da ke cin su. Masana suka aiko mana da tsarin lissafi iri biyu a kwamfuta. Kana zuba adadin da aka auna a laka da ruwa, shi kuma ya gaya maka ko tururin da dabba ke sha ya haura iyaka. Na farko ya ce bai haura ba, a rufe magana. Na biyu ya ce ya haura kaɗan, a zurfafa bincike. Mu duka muka rungumi na farko. Kai kaɗai ka ce ruwa ba ya tsami banza, adadi ɗaya ba zai haifi amsa biyu ba sai da dalili.

Sati uku kana tona cikinsu. Ka gano kowanne yana da nasa zaton game da tsawon lokacin da kifi ke yi a jikin laka, kuma duka biyun da kifin ƙasashen sanyi aka gina su, mai yawo a ruwa shekara zagaye. Sai ka ja ni wurin Ba Kalli, dattijon masunta, ka tambaye shi. Ya dube mu kamar yara.

"Ku masu biro, gaiwa ba ku san shi ba ne?" in ji shi da Hausarsa ta Barebari. "Ruwa ya tafi, ita laka tana shiga. Wata biyar, wata shida, can ciki kwana take yi. Burduddugi ma haka."

Da ka gyara lissafin biyu da maganar Ba Kalli, duka suka haura iyaka, ba kaɗan ba. Kuma ba ka ƙara gishiri ba. Ka bayyana mini cewa haurawar ba ta nufin gaiwa za ta mutu gobe, tana nufin ba mu da hurumin cewa lafiya lau sai an sake bincike an kwashe lakar.

Lokacin kakar tattasai ne, motocin 'yan Najeriya sun cika kasuwa. Manya suka yi ta kirana: in kalmar yuraniyom ta haɗu da sunan Komadugu a takarda, wa zai ƙara sayen tattasai ko bandar kifi daga Difa har Bosso? Tsoronsu ba na banza ba ne, tukunyar dubban gidaje ce. Amma ba zan ɓuya a bayan manoma ba. Kujerata na ji wa tsoro. Na rubuta rahoto da lissafin farko kamar yadda ya zo, na cire shafuka goma sha ɗaya da ka rubuta a kan abin da ka gano, na sa hannu.

Ka karanta shi a tsaye. Ba ka ɗaga murya ba.

"Shef, rapor ɗin ya yi kyau," ka ce. "Sai dai kifin da ke cikinsa ba ya tabkinmu."

Ba ka ƙara tayar da maganar ba, kuma ba ka daina gaishe ni ba, wanda ya fi mini zagi ciwo. Tunda rahoto ya ce babu komai, babu wanda zai turo mota ko ma'aikata. Rani biyu a jere, duk Asabar da Lahadi, kai da Ba Kalli kuna haƙe lakar wurin wankin da shebur, kuna ɗurawa a durom, kuna kai wa tudu nesa da ruwa kuna binnewa. Duk gaiwar da kuka tono kukan mayar da ita can ɗaya gefen tabkin. Na sani, kuma ko sau ɗaya ban je ba.

Yanzu wasu na cewa lakar ce ta ci ka. Likita ya ce ciwon hanta ne irin wanda ke kwantar da mutane da yawa a nan. Ban sani ba, kuma kai da kanka za ka hana ni faɗin abin da ban auna ba. Abin da na sani shi ne aikin mutum ashirin ka ɗauka da ƙafadarka saboda sa hannuna. Sau huɗu na zo duba ka da niyyar neman gafara, sau huɗu muka yi hirar tsuntsaye na tashi.

Ranar addu'ar bakwai na aika Yamai da shafukanka goma sha ɗaya, da sunanka a kai, da takardar janye rahotona. Ban san abin da zai biyo baya ba, ga kujerar ko ga kasuwa. Rabin lakar yana nan ba a kwashe ba.

A wurin jana'izarka liman ya roƙi jama'a su yafe maka. Kowa ya ce ya yafe, ni ma bakina ya faɗa tare da su. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, domin ba ka yi mini komai ba, ni ne mai nema, kuma wanda zan nema wurinsa yana kwance a gabana cikin likkafani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ya Falmata da 'ya'yanta, da dangi na Difa da Toumour, da Ba Kalli da masuntan Assaga. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ya bari. Allah ya jiƙan Fannami, ya haskaka kabarinsa, ya sa jinyarsa ta zama kaffara, ya saka masa da Aljanna Firdausi saboda tausayinsa ga halittun da ba su da bakin kai ƙara. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Allah kuma ya sa ya yafe mini kafin ya cika, domin ban tambaye shi ba.