Mai Buga Gem Ba Na'ura

A wani tsohon sito a Bompai ana baje kolin kiɗan wasannin gem, kowane ɗaki da sautin zamaninsa. Salama mai tsaron ƙofa tana kallon wani magidanci mai furfura, da takalmin roba da warin majema, da gani daga aiki ya taso. Ko leƙa ɗakunan sabon kiɗa bai yi ba. Ya kafe a na farko, inda lasifika ke tsuwa kamar tsohuwar waya. Babu komai a hannunsa, amma manyan yatsunsa sai danne-danne suke. Wannan, in ji ta a ranta, ya sha bulala a kan shagon gem.

"Malam, za mu rufe."

Bai juyo ba. "Dakata, baiwar Allah. Saura min rai ɗaya."