Mutum Biyu da Ba Sa Cin Zabo

A ƙauyenmu, can kan duwatsun kudancin Bauchi, gidanmu suna biyu gare shi. A gaban idonmu ana ce mana gidan masu ƙaho. Da mun ba da baya sai a ce gidan wanda ya gudu.

Maganar tsohuwa ce. A ƙarni na sha tara, lokacin da mahaya dawaki ke fitowa daga garuruwan iyaka suna kame mutane, kowane gida yana da aikinsa a tsaron dutse. Namu gadi ne. Namiji ɗaya zai hau ƙololuwa da ƙahon gwanki ya zuba wa fili ido, in ya hango mahaya ya busa, mata da yara su shige kogo. Wata safiya aka kawo hari aka kwashe mutane da yawa, mai gadin ranar kuwa, ƙanen kakan babana, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wasu suka ce sun ji ƙaho, wasu suka ce ba su ji ba. Waɗanda ba su ji ba su suka fi baki.

Babana ya tsufa da abin nan a ransa. Malamin makaranta ne, dattijo a coci, amma ko a wurin biki wani ya ƙoshi da burkutu ya jefo maganar, sai ka ga Baba ya ɗauki hularsa ya yi gida. Abin yana ci mini rai tun ina yaro.

Da na zo London na kama tuƙin bas, muka zauna a Catford, sai na mai da duk Asabar da ba ni da aiki ta zama ta ɗakin ajiye tsofaffin takardun gwamnati. Fensir kaɗai ake shiga da shi, kuma takarda sai an kwantar da ita a kan matashi kamar jaririya. Matata takan ce, "Ka sake yin booking? Mutumin nan fa ba zai yi maka reply ba." Gaskiyarta ce. Rahotannin Turawa sun cika da ganuwa da dawaki da ƙauyukan da aka ƙone, amma mu ba mai suna a cikinmu, arna ne kawai a dunƙule. Abu ɗaya na tsinta. Waɗanda aka kama ana kora wasunsu ta hanyar fataken goro har Gwanja, a arewacin Gana ta yau, daga can wasu su tsere su shiga rundunar da Turawa ke kira sojan Hausa, ko da ba Hausawa ba ne. Na faɗa wa Baba a waya. Ya ce, "Wannan ai labarin kowa ne."

A garejinmu akwai wani direba ɗan Gana da muke kira Alhaji, ya girme ni sosai. Kullum yana tsokanata wai Hausata ta littafi ce, ni kuma in ce masa tasa ba ta san mace da namiji ba. Ya gayyace ni sunan jikansa a wani tsohon sito da aka mayar zauren taro kusa da Old Kent Road. Aka jera shinkafa da wake, aka jera tuwo, sannan aka zagayo da tire cike da soyayyen zabo, ƙanshi ya cika wuri.

To mu a gidanmu ba ma cin zabo. Masu gadi da kukan zabi suke dogara, don sukan yi kururuwa tun kafin ido ya ga doki, saboda haka abokan aiki muka ɗauke su. Da tiren ya iso kaina na ɗaga hannu na ce na gode. Ya wuce kan Alhaji, shi ma ya ɗaga hannu.

Na ce, "Alhaji, bikinka ne fa. Ko doctor ya hana?"

Ya ce, "A'a. Matana ya soya don baƙi ne. Gidanmu ba mu ci zabo."

"Saboda me?"

"Kakana mace ya ce baban babanmu ya hana. Soja ne, ya yi service a border, can arewa. Amma ba ɗan Gana ba ne, an kawo shi ne. Ya ce a garinsu shi mai gadi ne a bisa dutse. Zabo ya yi kuka, shi ya busa ƙaho, ya busa, bai sauka ba har doki ya zagaye shi. Da ƙaho a hannu aka kama shi." Ya ci gaba da cin tuwonsa. "Sunan garin kam ya ɓace."

Na ajiye cokali. Na san duwatsun ƙasarmu suna da yawa, masu gadi ma haka, kuma ba takardar da za ta ce mutumin Alhaji shi ne namu. Duk da haka ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba, har kujerar ta yi mini kaɗan.

Na ja shi waje bakin titi, bas na wucewa ɗaya bayan ɗaya, na kira gida. Na ba Baba labarin kamar yadda na ji shi, na ƙara da cewa, "Baba, ba ni da tabbas fa. Yana iya zama wani ne daban."

Baba ya ce, "Ya ce da ƙaho a hannu?"

"Haka ya ce."

"Kuma har yau ba sa ci?"

"A gabana ya mayar da tiren."

Na ji ya gyara murya. Ya ce, "Ba shi wayar in gaisa da ƙanena."