Yadda Ƙullun Waina Ya Kai Malam Asibitin Ido

Mun tashi da asuba, ana sallame salla a masallacin layinmu na Tudun Wadar Zariya, ni da Malam da 'yarmu ta biyu. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da yawo. In kun gan ni a Kwangila, to biki ne ko gaisuwar rasuwa. Amma wannan tafiyar ta zama dole, Kano za mu kai Malam a cire masa yanar ido. Shekara biyu ke nan ba ya iya karatu, mutumin da ya yi magatakarda a kotu har ya yi ritaya, wanda ko takardar da aka ƙunso ƙosai a ciki sai ya karanta kafin a yar. Sau biyu ana ba shi ranar aiki yana zillewa. Na farko ya ce mura, na biyu har mun shiga mota ya tuna an yi rasuwa a Hanwa. Likita ya gaya wa 'yarmu cewa in aka ƙara jinkiri yanar za ta yi tauri, aikin ya yi wuya. Da wannan fargabar na kulle ƙofar gida.

Shatar motar wani maƙwabcinmu muka yi. Muna hawa titi 'yarmu ta ce ta zo wa babanta da littafi a waya, irin wanda wani ke karanta maka kana saurare. Malam ya ce littafin da ba a juya shafinsa ai tatsuniya ce. Direba ya haɗa wayar da rediyon mota, ba mu wuce gadar Kwangila ba Malam ya ce a ƙaro murya.

Labarin wasu tsofaffi ne uku 'yan fansho: tsohon ɗan sanda, tsohuwar nas da tsohon hedimasta. Kullum suna gindin darbejiya suna shan shayi suna ƙorafin ciwon gwiwa. Sai aka wayi gari wani attajirin unguwarsu ya mutu a ɗakinsa. Nas ɗin na ganin gawar ta ce wannan ba mutuwar Allah da Annabi ba ce, an sa masa wani abu a shayin da ya sha kafin ya kwanta. Mutum uku ake zargi: direbansa, ƙanensa, da matar da ke yi masa girki. Babu jini, babu tashin hankali, sai tsofaffin nan suna bin gida gida da sunan gaisuwa suna tsintar magana, ana ba su abinci suna ci.

Hanyar ta yi kyau fiye da yadda na baro ta shekarun baya, wani wurin santsi har barci ke fizgar mutum, wani wurin a mayar da ku hannu ɗaya da manyan motoci. A Tashar Yari rake ne jingine kamar an kafa shinge. Malam bai ga ko ɗaya ba, yana ta yanke hukunci. Ya ce ƙanen ne, ya sha ganin irin wannan shari'ar, a duba wanda zai ci gado. Direbanmu kuwa kare ɗan'uwansa direba yake yi kamar tare suka koyi tuƙi.

A Kwanar Ɗangora muka tsaya karyawa. Mai shayin wurin hannunsa a sake yake da madara, amma da ya faɗi kuɗin burodi sai da na sake tambaya. A nan ne Malam ya ajiye kofi bai sha rabi ba. Ya ce cikinsa na murɗawa, gara mu koma Zariya a sake sa rana. 'Yarmu ta sunkuyar da kai, ta riga ta gaji da lallashi.

Ban san daga ina maganar ta zo mini ba. Na ce, "To Malam, mu juya. Amma kafin mu shiga mota zan faɗa maka wanda ya kashe attajirin nan, don ni na riga na sani."

"Ke? Su da suka yi ɗan sanda ba su gano ba?"

"Ni. Kuma ba ƙanen ba ne. In kana so ka gano da kanka, a dakatar da babin ƙarshe sai an buɗe maka ido."

Na raɗa wa 'yarmu amsata a kunne, ta rubuta a bayan katin asibiti. Na san shi shekara arba'in, zai iya jure wuƙar likita, amma ba zai jure a ce matar da ta tsaya a aji huɗu ta riga shi yanke shari'a ba. Ya lalubo hularsa ya ce, "Direba, mu je Kanon. Ina so in ga ƙarshen wannan cika bakin."

Daga nan har Kura yana sa 'yarmu ta mayar da labarin baya yana sake jin bayanin kowa. Ni kuwa ina kallon gonakin shinkafa da kwandunan tumatir jere a bakin titi, jawur, ina cizon yatsa don ba mu da wurin sawa.

Kano sai hayaniya da 'yan adaidaita kamar ƙudan zuma. A gidan ƙanwata muka sauka. Washegari a asibiti aka auna jinin Malam aka shiga da shi, yana tafe yana gaya wa ma'aikaciyar jinya wai yanzu direban attajirin yake zargi. Ni na zauna a benci da carbi. Kafin in gama abin da nake ja sun fito da shi da bandeji a ido ɗaya, yana cewa ashe abin ke nan.

Da safe aka cire bandejin. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Yaushe kika yi furfura haka?" Na ce tun ranar da ka fara zille wa likita. Sai a lokacin na zauna na yi kukana, 'yarmu na dariya tana share nata.

A hanyar dawowa aka kunna babin ƙarshe. Mai girkin ce. Da ma ta ce ranar ba ta kwana a gidan ba, tun la'asar ta tafi ƙauyensu sai da asuba ta dawo. Amma tun a farkon labarin hedimasta ya yaba wainar da ta soya wa masu zaman makoki da sassafe, mai laushi da ɗan tsami. Duk macen da ta taɓa riƙe tanda ta san ƙullun waina sai an jiƙa shinkafa, an kai niƙa, an haɗa shi da yamma ya kwana ya tashi. Wa ya haɗa mata shi tana ƙauye? Da nas ɗin ta faɗi haka, 'yarmu ta miƙa wa Malam katin asibiti. Da idonsa ya karanta, a hankali: mai girki, saboda waina. Direba ya buga sitiyari yana murna an wanke ɗan'uwansa. Malam ya ce a shekarunsa na kotu ba a taɓa kawo ƙullu shaida ba.

Mun shigo Zariya da la'asar, yana karanta duk allon da muka wuce da ƙarfi, har na mai gyaran taya. A ƙofar gida ya tsaya yana faɗan wai wa ya zaɓi wannan fentin, alhali shi ya zaɓa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, tsoho in tsoro ya kama shi, lallashi ba ya tayar da shi, sai ka ba shi abin da zai yi gardama a kai. Na kuma gane zaman da na yi a madafa ban yi shi a banza ba. Saura ɗaya idon, wata mai zuwa, kuma shi da hannunsa ya zagaye ranar a kalanda. Littattafansa sun sauko daga kan kwaba, amma jiya na ji shi yana ce wa 'yarmu ta nemo wani na saurare, kuma kada a kunna sai na gama girki na zo na zauna.